Minti Ukun Inna Cire-Cire

Tun tana amarya ba ta yarda da wutar lantarki ba. Da an ɗauke, sai ta bi ɗaki-ɗaki tana cire rediyo da dutsen guga, har jikoki suka laƙaba mata Inna Cire-Cire. Da ciwon suga ya kama maigidanta, likita ya ce allurarsa ba ta son zafi, sai firij ya zama ɗan lelen gidan. Ko unguwa ta je, hankalinta na kan kwalaben allurar guda biyu da ke cikinsa.

Ƙanenta mai gyaran wuta ne. Ya leƙa bayan firij ya karanta yawan wutar da yake ja, ya zaɓo ɗan akwatin da zai iya ɗaukar fiye da haka, ya maƙala shi tsakanin soket da firij.

"Yaya, ga mai gadi," in ji shi. "In wuta ta yi yawa ko ta yi rauni, zai datse ta. In an kawo kuma, sai ya jira minti uku ta daidaita."

"Minti uku? Wutar da ba ta cika awa biyu?"

"Lokacin da take dawowa ne take ɓarna, Yaya."

Ta ji, amma maganar ba ta shige ta ba. Kullum aka kawo wuta, fanka na juyawa, firij shiru, ita kuwa tana tsaye tana hararar akwatin. A ganinta mai gadin nan sanyin maganin mijinta yake sacewa. Mai hali ba ya fasa halinsa: ran da aka kwana biyu babu wuta, ta taɓa kwalaben ta ji sun fara ɗumi, sai ta zare akwatin ta soka firij kai tsaye, don kada minti ɗaya ya tafi a banza.

Da la'asar aka kawo. Ƙwan falo ya yi haske kamar rana, ya fashe. Firij ya yi gurnani sau ɗaya, ƙauri ya cika kicin.

Daga ɗaki maigida ya ɗaga murya da ƙyar.

"Allah Ya yi wa ƙanenki albarka. Ba don akwatinsa ba, da yau mun shiga uku."

Ita kuwa tana tsaye a kicin da akwatin a hannu.