Na Yi Kara, Aka Tafi Min da Jika

Mun tashi da asuba daga Stapleton, unguwarmu a nan ƙasar Turawa, sama ta yi baƙi kamar gindin tukunya. Tun a bakin ƙofa na gaya wa ɗana wannan hadarin ba na wucewa ba ne. Ya duba wayarsa, ya ce an ce zai washe. To. Ni ban yi boko ba, wannan labarin ma faɗa nake ana rubuta muku, amma na san ƙamshin ruwa tun kafin a haifi mai wayar.

A motar akwai ɗana da matarsa da 'yarsu, sai ni, sai Hajiya, mahaifiyar matar, wadda ta zo daga Kaduna ganin jika. Dominta aka shirya tafiyar, wai a kai ta wani ɗan gari a bakin teku ta sha iska. Ni da na shekara da shekaru a gidan, ba wanda ya taɓa cewa Inna zo a kai ki ki ga teku, sai wadda nake leƙawa ta tagar jirgin ruwa in za mu unguwar Harlem sayen daddawa. 

Yarinyar sunana aka sa mata, Takwara nake kiranta. Ni na goya ta, a ɗakina take kwana tun da aka yaye ta, ni nake tsayawa cikin sanyi ina jiran motar makarantarsu. Da za mu shiga mota ta zo ta manne mini kamar kullum. Amma ga baƙuwa a tsaye, kuma suruka. Wace mai hankali ce za ta rungume jika a gaban surukarta? Sai na yi abin da aka koya mana, na yi kara. Na ce, "Takwara, je ki wajen kakarki, ita ce baƙuwa." A raina na ce za ta maƙale kafaɗa, Hajiya kuma ta ce a'a a bar ta inda ta saba, kowa ya fita kunyar kowa. Yarinyar nan ta dube ni, ta zagaya ta zauna kusa da Hajiya. Ni aka bar ni da kular abinci.

Mun haye gada muka shiga jihar New Jersey, ruwa kuwa ya ɓalle. Titi ne shimfiɗaɗɗe, ba rami ko na magani, sai dai kowane ɗan nisa a tare ku a karɓi kuɗin hanya. Abu ɗaya ya burge ni a jihar nan: a gidan mai ba kai kake zuba wa kanka ba, akwai mai zubawa, kamar a gida. Mun tsaya a wurin hutawar matafiya, na buɗe dambun naman da na kwana biyu ina yi, Hajiya kuma ta fito da cakulan daga jaka. Ba sai na gaya muku wanda aka fara miƙa wa hannu ba.

Garin ƙarami ne, titi ɗaya ne na kirki. Gidajen katako ne, wasu an ɗora su a kan dogayen ƙafafu saboda ambaliya, an shafe su da fenti kala-kala kamar alawar yara. Shaguna a buɗe, masu saye babu, ruwa ya kore su. Abin da ake sayarwa kuwa, ɓawon dodon koɗi ne da aka tsinto a bakin ruwa kyauta, an wanke an sa masa kuɗi. Mutanen garin tsofaffin Turawa ne masu yawan gaisuwa, kowa da kare da rigar ruwa, wani karen ma da tasa rigar. Akwai wasu fararen tsuntsaye marasa kunya, shirwa ta fi su mutunci, a hannun ɗana suka fizge burodi.

Gidan da muka kama yana warin danshi. Da aka zo rabon ɗakuna, na sake yin kara, na ce yarinya ta kwana wajen Hajiya. Hajiya ta ce, "A'a Yaya, ke ta saba da ke." Na ce haba, ai ke ce mai ɗoki. Sai ta ce, "To, na gode." Ku ji fa! A garinmu sai an yi ta mayar wa juna har baki ya gaji, sannan abu ya koma wajen mai shi. Ita sau ɗaya ta ƙi, a na biyu ta cafe.

Daga nan ruwa ya kulle mu a gida, ba dare ba rana. Teku tana can tana ruri, ba ma ganinta sai hazo. A cikin kabad Hajiya da Takwara suka samo wani wasa, hoto ne aka yayyanka ƙanana, wai a zauna a sake haɗa shi. Wanda ya yanka bai da aikin yi, masu haɗawa ma haka. Hajiya tsohuwar shugabar makaranta ce, Turanci a bakinta kamar ruwan famfo. Ita da Takwara suka baje a ƙasa suna haɗawa, suna ɓaɓɓaka dariya a yaren da ba na ji. Ni ina bakin taga da carbi. Allah Ya yafe mini, bakina yana tasbihi, kunnena yana wajensu. A gida yarinyar nan ina yi mata Hausa ta amsa da kalma ɗaya biyu. Ashe tana da surutu haka, ni ce ba a yi da ni.

Ta ɗago sau ɗaya ta ce, "Kaka, zo." Na ce ku yi abinku, ni na tsufa da wasa. Hajiya fa ba ta fi ni ƙuruciya da wani abin kirki ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kitso. Kafin mu taho na zauna na yi mata shuku, ƙanana, masu kyau, har yatsuna suka sage. Na fito daga alwala na tarar Hajiya ta tsefe shi tas, wai ya yi tsauri yana ja mata fatar kai, ta ɗaure gashin gida biyu da wani jan ƙyalle. Matar ɗana ta ga fuskata ta shige kicin. Na ce, "Ya yi kyau." Ranar ko abincin rana ban iya ci ba.

Da ruwa ya ɗan tsagaita ɗana ya kai mu gidan cin kifi. Kuɗin faranti ɗaya zai saya maka buhun shinkafa ƙarami a shagon 'yan Ghana na unguwar Tompkinsville, har da canjin manja. Aka kawo wata halitta ja mai ƙafafu, kamar kunamar da ta yi shekara tana cin tuwo, aka ɗaura wa Hajiya leda a wuya kamar jaririya, tana fasawa tana yabawa. Ni soyayyen kifi na ce, shi ma ba yaji ba gishiri, sai da na zaro ƙullin yajina daga jaka. A ƙarshe aka sayo wa Takwara askirim. Ta ɗebo cokalin farko ta miƙo mini, kamar yadda take yi a gida. Ga suruka tana kallo, sai na ce na ƙoshi. Ta juya ta sa wa Hajiya a baki. Hajiya ta lumshe ido ta ce, "Allah Ya yi miki albarka." Albarkar da ni nake sa mata kullum.

Ana gobe za mu dawo, da la'asar, yayyafi kawai ake yi, muka fita bakin ruwa da lema. Teku dai Allah Ya yi halitta. Ruwa toka-toka har inda ido ya ƙare, yana tasowa yana dukan yashi yana komawa, ba gajiya. Takwara ta yi ta tsintar ɓawon nan tana cika aljihu. Ta samo wani babba mai ruwan hoda a ciki, ta tsaya tsakaninmu tana dubanmu, sannan ta kai wa Hajiya. Nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Ashe haka ake yi. An samu sabuwa, tsohuwa ta zama shara."

Yarinyar nan ta tsaya cak. Sai hawaye. Ta haɗo 'yar Hausarta da kyar ta ce, "Ke kika ce go, in tafi. Kullum go, go. Kin gaji da ni." Ta ruga wajen ubanta.

Na rasa inda zan sa fuskata. Hajiya ta matso da lemarta ta ce, "Yaya, tun ranar da muka zo take tambayata wai ko laifi ta yi miki, wai ko Najeriya za ki koma ki bar ta. Yaran nan na nan ba su san kara ba. Abin da baki ya faɗa, shi suke ɗauka."

Na ce, "Ita ba ta sani ba. Ke fa?"

Ta juya tana kallon ruwa. Can ta ce, "Na sani sarai. Amma ni bizata ta kusa ƙarewa, ban san ko zan sake ganinta tana yarinya ba. Kin miƙo, na karɓa. Ba ni da ƙarfin mayarwa." Na so in ji haushinta, na nema, sai na samu rabi kawai.

Washegari muka ɗaure kaya, rana kuwa ta fito fes, kamar da gayya. Takwara tana tsaye a bakin mota, ba ta kallon kowa. Ɗana yana nan, matarsa tana nan, Hajiya tana nan. Ni da ban taɓa kiran sunan ɗan fari ba saboda kunya, na buɗe baki a gabansu duka na ce, "Takwara, zo nan. Kusa da ni nake so ki zauna. Ban gaji da ke ba, ba kuma zan gaji ba." Muryata tana rawa kamar ta mai karɓar bashi. Ɗana ya sunkuyar da kai yana gyaran madubin da ba abin da ya same shi.

Ta zo da gudu har ta kusa kayar da ni. Ta zauna a tsakiya, kafin mu kai gidan mai ta yi barci, kanta a cinyata. A hannunta akwai wani ɗan ɓawo fari, guntu, kafin barci ya ɗauke ta ta ce nawa ne, tun jiya ta ajiye. Na Hajiya ya fi shi girma, na lura. Ƙafafunta kuma a cinyar Hajiya suke, Hajiya tana shafawa. Wannan ma na lura. Na bar mata ƙafafun.

Mun iso Stapleton bayan azahar lafiya. Kafin in kwance kaya na zaunar da ita na mayar da shukuna, amma na sassauta hannu, don gaskiya wancan ya yi tsauri.

Tekun da aka kai mu gani ban gan ta da kyau ba sai sau ɗaya, kuɗin ɗana kuma ruwa ya ci. Abin da na dawo da shi, ku matan da kuke riƙon jikoki a ƙasar nan, shi ne wannan: ku yi wa suruka kara da nama, da wurin zama, da ɗakin da ya fi kyau. Amma ban da yaro. Yaron da aka haifa a nan, in kin ce masa tafi, tafiya zai yi, yana kuka a ciki ke kina kuka a ciki. Hajiya tana nan tare da mu har ƙarshen wata, muna gaisawa da mutunci. Jiya ta ce ko Takwara za ta taya ta kwana. Na ce a'a.