Maharbi a Kujerar Aski

A wani shagon aski na unguwar Waziriyya, a ƙasa mai tsarki, tsoho siriri mai rigar gadi ya ƙi tsayar da kansa, ni kuwa na gaji da jira. Idonsa na kan talabijin, inda wani Bature riƙe da bindigar toka ke laɓaɓa wa ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa.

"Iska na bayanka, sakarai! Za ta shinshino ka!"

"Halas, ya isa haka, Baba, zan yanke ka," in ji mai aski.

A ƙarƙashin ƙyallen aski, hannuwan tsohon na ɗura albarushin da babu. Na tabbata maharbi ne kafin iƙama, takardar izinin zama, ta zaunar da shi a ƙofar wani.

Barewar ta ɗaga hanci, ta arce. Tsohon ya ja tsaki, ya miƙe, ya rataya usur ɗinsa a wuya.