Maccido Barunje Ba Ya Hawa Sikeli

A lungun da ke bayan Ƙofar Taramniya, in aka ce Maccido sai an ƙara da barunje, don akwai wani Maccidon mai gyaran keke. Fawa ya gada wajen uba da kaka, amma shi ba mai sayen shanu ba ne, ba shi da ƙarfin haka. Aikinsa fiɗa da sara. Da an fito sallar asuba zai saɓa gatarinsa, wuƙaƙe a naɗe cikin tsumma, ya nufi kwata. A kayar da sa, a yanka, shi ya feɗe, ya sare ƙashi, ya ɗora wa masu tebur namansu bisa sikeli. Abin da hannunsa na dama ya yi da safe, shi ake ci a gidansa da dare. Ranar da hannun bai yi aiki ba, tukunyar Wasila matarsa ba ta ganin mai. Hakan bai faye faruwa ba, don Allah ya ba shi lafiya.

Gajere ne siriri, in ya sa riga sai ka ce iska za ta ɗauke shi. Sai ya naɗe hannun rigar ake ganin damtsen. Ba ya yawan magana, ba ya zama dandali, kuma yaran lungu ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba sai in akuya ta shiga masa zaure.

Da ƙuruciya ya yi kokawa. Bayan kaka, in an ɗebe amfanin gona, su Kware da Dange da ƙauyukan gefen gulbi duk ya taka su. A fagen kokawar gargajiya ba a tambayar nauyin kowa. Ka ga wanda ya yi maka, ka je ka tsaya gabansa. Wanda gwiwarsa ko hannunsa ya taɓa ƙasa an gama da shi, makaɗa su ɗauka. Sunan Maccido a kan manya ya fito. Sai ya bar ƙato ya rungumo shi, ya nutse ƙarƙashinsa, kafin ƙaton ya gane inda ƙafarsa ta tafi yana kwance yana kallon sama. Matan lungu ba su zuwa kallo, amma suna jin kalangu ya rako shi har ƙofar gida, wani lokaci da rago a gaba, wani lokaci da turmin atamfa. Da mahaifinsa ya rasu, Allah ya ji ƙansa, nauyin gida ya dawo kansa, sai ya bari.

Akwai abu ɗaya da kowa ya san shi da shi: ba ya hawa sikeli. A sana'arsu sa mai rai da ido ake kimanta shi, a shafa gadon baya, a matsa cinya. Sai an yanka an feɗe yake hawa ma'auni. Maccido ya ɗauki wannan ya ɗora wa mutane. Ko ranar da Wasila ta dawo daga asibiti ta ce an auna jaririyarsu Muhsina, bai ci tuwo da daɗi ba.

"Sunka aza ta bisa sikeli? Da ranta?"

"Haka aka yi wa ɗiyan kowa, Maigida."

"Ɗiyan kowa ba nawa ba ne."

Ba ta ƙara gaya masa ba, kuma ba ta daina kai yaran ba.

Maccido ya haura shekara arba'in lokacin da Jelani ya dawo gari. Jelani ɗan maƙwabcinsu ne, ɗan gidan malamai, wanda aiki ya kai shi Abuja ya koyo wata irin kokawa a can. Ya kama wani ɗaki a saman bene a Sama Road, ya shimfiɗa katifu masu tauri, samari suka fara zuwa. Mutanen gari suka sa mata suna kokawar katifa. Ita ba a gama ta da kaye. In an faɗi ma sannan aka fara: a yi ta birgima, wani ya murɗe hannun wani ko ya shaƙe masa wuya, har sai wanda aka kama ya bubbuga da tafin hannu, alamar ya sallama. Da ya bubbuga dole a sake shi.

Jelani ya zo har zaure ya durƙusa ya gaida Maccido.

"Baba, yarana sun iya ƙasa, amma a tsaye ko ɗan akuya ba su iya kayarwa. Ni kuwa bisa kafaɗar yayana na kalle ka a Kware. Ka taimaka ka zo ka nuna musu."

Maccido ya ce zai duba. Bayan sallar la'asar ta ranar Asabar sai ga shi ya hau benen da ledar nama a hannu, wadda zai kai wa wata mai abinci. Tun daga nan ya riƙa zuwa. Yana nuna musu yadda ake shiga ƙarƙashin mutum, yadda ake sace ƙafa, yadda ake barin ƙato ya kayar da kansa da nauyinsa. Amma da Jelani ya ce a koma ƙasa, sai ya ɗauki takalmansa ya zauna bakin taga yana kallon masu keke napep. Ya ce shi bai ga dalilin da namiji zai kwanta wani namijin ya hau shi ba, alhali alƙali na tsaye yana kallo.

Da sanyi ya shigo aka shirya gasa a wani zauren taro, 'yan wasa daga Gusau da Birnin Kabi da Katsina. Aka ce kowa zai hau sikeli da safiyar ranar, a raba su aji-aji, marasa nauyi da marasa nauyi, manya da manya. Jelani ya tara yaransa ya gargaɗe su. Ya ce kar ya ji wani ya ƙi shan ruwa ko ya kwana da yunwa don ya sauka aji, wanda ya gani leɓensa a bushe da kansa zai cire shi. Sannan ya juyo wajen Maccido.

"Baba, akwai ajin dattawa marasa nauyi. In ka shiga, wallahi babu mai tsaya maka."

"Sai na hau abin?"

"Ɗan tsayawa ne kawai, ka sauka."

"Nama aka aunawa, Jelani. Ba ni hawa."

Jelani ya yi ta bayani. Ya ce a tsaye dabara na cin nauyi, amma a ƙasa nauyi kwanciya yake yi a kan haƙarƙari, kuma in ƙato ya kama hannun ƙaramin mutum, kafin ƙaramin ya yi tunani gwiwar hannun ta tafi. Don haka aka raba ajin, ba don raini ba. Maccido ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaya ko babu inda ake shiga ba awo. Wani cikin samarin, da ba a tambaye shi ba, ya ce akwai buɗaɗɗen aji, wanda kowa da kowa ke shiga.

"To nan za ka sa ni," in ji Maccido.

"Baba, ban yarda ba."

"Ubanka na raye. In tafi in gaya mai ka hana ni?"

Jelani ya sa shi, bisa sharaɗi ɗaya: in aka kama hannu, zai bubbuga. Maccido ya ce ba za a kai nan ba.

Labari ya riga shi isa gida, ta bakin Ashafa. Ashafa taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, tare suke aiki a kwata, kuma tun suna yara ba ya ganin Maccido ya wuce bai tsokane shi ba. Wasila tana tankaɗe ta ji. Da ta ajiye masa ruwan alwalar magariba sai ta ce:

"Maigida, an ce can hannu suka karyawa."

"Na wanda ya kwanta."

"Hannun ga ba naka ba ne kai ɗaya. Mu duka shi muka ci."

Ya wanke fuska, ya shafi kai, ya tafi masallaci. Ita kuma ta koma kan tankaɗenta.

Ranar gasar zauren ya cika. Rundawa, abokan fawarsa, sun zo da yawa, wasu ko wanka ba su tsaya yi ba, Ashafa kuma ya ɗauko mai kalangu, aka yi ta gardama da masu tsaron ƙofa kafin a bar shi ya shiga. Aka gama ajin yara, aka gama na matsakaita. Da aka zo buɗaɗɗen aji, ƙuri'a ta haɗa Maccido da wani Bilyaminu daga Gusau, saurayi mai faɗin ƙofar zaure, wanda ya yi biyun Maccido har da ƙari. Saurayin ya dube shi, ya dubi alƙali, kamar mai tambaya ko an yi kuskure. Alƙali ya ce su kama.

Abin bai daɗe ba. Bilyaminu ya miƙo hannuwa a hankali, yana jin nauyin furfurar da ke gabansa. Maccido ya nutse, ya sace ƙafa, ya juya ƙugu. Ƙaton ya tashi sama ya faɗo, har zauren ya amsa. Kalangu ya ɗauka, rundawa suka miƙe da ihu.

Maccido ya yi abin da jikinsa ya saba yi tun yana saurayi. Ya juya wa wanda ya kayar baya, ya ɗaga hannu yana fuskantar makaɗi.

"Baba, ba a gama ba!" Jelani ya ƙwalla daga gefe.

Bilyaminu ya kamo ƙafarsa daga kwance ya fizgo. Maccido ya faɗi ruf da ciki, aka birkice shi, nauyi ya sauka a ƙirjinsa. Sau ɗaya wani sa ya taɓa danne shi a kwata, da igiya ta tsinke, amma sa shure-shure yake yi ya ba ka hanya. Wannan kuwa kwanciya ya yi, ya bi duk inda ya motsa ya toshe. Numfashi ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Ya tura da hannun dama don ya sami iska, hannun da ake jira ke nan. Saurayin ya kama shi a wuyan hannu, ya zagayo da ƙafafunsa, ya matse damtsen tsakanin cinyoyinsa, ya jingina baya.

Maccido ya san gaɓa. Rabin rayuwarsa raba gaɓa yake yi, ya san iya inda take lanƙwasa da inda take cewa ƙas. Ya ji tasa ta kai wurin. Kalangu ya yi shiru. Jelani na ihu, "Bubbuga, Baba! Don Allah bubbuga!" Ashafa kuma daga baya yana cewa, "Tashi mana, Maccido! Kai da ba a kai ka ƙasa!" Bilyaminu bai ƙarasa ba. Ya tsaya a nan, yana ƙara ja kaɗan, yana dubansa ta kan gwiwa.

Hannun hagu na kwance a kan katifa, babu mai riƙe da shi. Maccido ya dubi fanka tana juyawa a rufi. A gabansa akwai mutanen da suka san bai taɓa ce wa kowa ya fi shi ba, gobe da asuba kuma akwai shanu a ɗaure suna jira. Wani abu ya yi ƙara a cikin gwiwar, ƙarama, shi kaɗai ya ji. Ya ɗaga hagun ya bubbugi cinyar saurayin.

Nan take aka sake shi. Bilyaminu ya tashi ya durƙusa, ya ce, "Baba, a yafe mini. Ban taɓa shan kaye irin naka ba." Maccido ya ce, "Allah shi yi albarka," ya nemi takalmansa. Bai tsaya ganin sauran wasan ba.

Kafin magariba gwiwar ta kumbura. Mai ɗori ya zo ya lalluba, ya ce ƙashi lafiya lau, jijiya ce ta ja, da an ƙara kaɗan da sai dai wani labarin. Wasila ta gasa masa da ruwan zafi, ta shafa man kaɗe, ta ɗaure da tsohon ɗankwali. Ba ta ce ai na gaya maka ba. 'Yan kwanakin da ya yi a gida miyar kuka aka sha ba nama. Jelani ya zo dubiya da lemo, ya zauna a zaure kansa a ƙasa, har Maccido ya ce masa ya tashi ya tafi wurin yaransa, ba mutuwa aka yi ba.

Bai ƙara shiga gasa ba. Yana zuwa Sama Road har yanzu ranar Asabar, yana koya wa samari kaye, kuma in ya kayar da yaro ba ya sakinsa sai ya ji Jelani ya ce a tsaya. Hannun ya warke, sai dai in hadari ya haɗu yakan yi masa tsami, ya riƙa sara a hankali.

Ranar da ya koma kwata, tun daga bakin ƙofa ya ji ana bubbuga tebur. Ashafa ne ya fara, saura suka ɗauka, mai gatari da mai wanke hanji, har da masu turo baro. Maccido ya ratsa su ya ajiye kayansa, ya warware tsumma, ya zaɓi wuƙa ya wasa. An riga an yanka wani jan sa, yana kwance.

"Sannu da zuwa, sarkin bubbuga!" in ji Ashafa. "Yau in san ya danne ka, ka taɓa mai cinya, shina sakin ka."

Aka yi dariya. Maccido ya gwada kaifin wuƙar a gashin hannunsa.

"Ka ƙare?"

"Ban ƙare ba, sai shekara ta zagayo."

"To kana yi kana riƙe min ƙafar ga."

Ashafa ya kama ƙafar san ya ɗaga, bakinsa bai daina ba. Maccido ya durƙusa, ya sa wuƙa a ƙirji da hannun dama, ya tsaga fatar har ƙasa.