Yadda Yaron Nan Ya Koma Fayil Ɗin Wana

Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma a tuƙi na kai farfesa. Shekarar da gwamnati ta naɗe tabarmarta daga Legas ta dawo Abuja, ni na yi ta jigilar fayilolin ma'aikatarmu. Ladana ɗaki ɗaya a Nyanya. Wana kuwa darakta ne, aka ba shi gida a Maitama, har karen maƙwabcinsa yana da ɗaki. Shi ya sa ɗan farina, da ke digiri na biyu, can yake sauka in an yi hutu. Kuɗin makarantar dai daga jikina suke fita, don Asabar da Lahadi kabu-kabu nake yi zuwa Jabi.

Wata rana akawun albashi ya ce ana rage wa mutum haraji in ɗansa na karatu, ko da ɗan ya yi gemu.

"Baba direba, kawo sunayen yaranka."

Na jero ƙananan. Da na zo kan babban sai harshe ya ƙi. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, kunya ce.

Na ce, "Sai kuma yaron nan."

Akawun ya ce, "Oga, gwamnati ba ta san wani yaron nan ba."

Na ce zan kawo shi ya rubuta da hannunsa. Na tafi Maitama, na same shi a falo da wana suna shan shayi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, yaron ya sunkuyar da kai.

"Baba, ai Baffa ya riga ya sa ni a nasa fayil ɗin. Na sa hannu cewa shi ke ɗaukar nauyina."

"Nauyin naka na shayi?"

Wana ya yi dariya. "Haba ƙanena, ɗanka ba ɗana ba ne?"

Wannan ba ta musuwa, ya kuma sani. Ragin harajin bai isa taya ɗaya ba, ba shi ya ci mini rai ba. Da yaron ya rako ni bakin ƙofa na ce, "Da hannunka?"

Ya ce, "Baba, ko a ofis ɗin ma ka kasa faɗin sunana. Baffa kullum yana faɗa."

Na buɗe baki in kira shi, ko sau ɗaya, ya ji. Maigadi na tsaye yana kallonmu. Abin da ya fito shi ne, "Yaron nan, koma ciki, shayinka zai huce."

Ya kuwa koma.