Gidan Da Ba A Amsa Sallama

'Yata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, don ban taɓa riƙe alƙalami ba. Na gaya mata in kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira ni.

Maigidana Malam kafinta ne, Allah ya jiƙansa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma har yau ba na iya wucewa ta inda ake sassaƙa katako ban share ido ba. A ƙofar gidanmu na Jikwoyi akwai shagonsa, wanda ya haɗa da hannunsa da katako da kwano tun unguwar tana gonaki. Ranar da aka kai shi makwancinsa na sa kwaɗo na kulle, na ɗaure mabuɗin a bakin zanena. Babban ɗana yana Japan, yana harkar kayan mota, kuma kullum ya bugo waya maganarsa ɗaya ce: a rushe shagon a yi na bulo. Ni kuwa in ce sai bayan raina.

Da matarsa ta haihu ya sa aka kai ni can don wankan jego. Bayan arba'in ya ce, "Mama, shirya in kai ki ki ga katako, tunda ke da katako kun ƙulla zumunci."

Inda ya kai ni wani lambu ne a tsakiyar gari, da tafki cike da kifaye jajaye masu ƙiba, suna ta hangame baki sama kamar ba a taɓa ba su abinci ba. A bayan itatuwa ga gidan, bene ne fari da baranda, irin gidajen Turawa da na taɓa gani kusa da tashar jirgi a Zariya ina yarinya. Ɗana ya ce mutanen ƙasar ne suka gina shi tun zamanin kakannin kakanninsu, don saukar manyan baƙi.

Na tsaya a bakin ƙofa na yi sallama. Shiru. Na sake, na ɗaga murya.

"Mama, wa kike wa sallama? Ba kowa a ciki."

"To gidan wa ne?"

"Na kallo ne."

"Gida ake kallo, ko biki?"

Ya yi dariya ya ja hannuna. Tunda aka haife ni ban taɓa shiga gidan da ba a amsa mini sallama ba sai ranar.

A zauren, wata mata mai tsaron wurin ta nuna mini in cire takalmina. Wannan ban ƙi ba, tarbiyya ce. Sai na ga wani ƙato yana fitowa, gumi na tsattsafo masa, ya zare wasu silifa kore na roba ya ajiye. Matar ta juya su, ta turo mini da murmushi. Na sa ƙafa, na ji ɗuminsa da laimarsa har tsakanin yatsuna, ga shi ina da alwala.

"Kai, ce mata zan shiga da ƙafata."

"Ba a yi, Mama. Don kada a ɓata daɓen katakon ne."

"Wato katako ya fi ƙafar ɗan Adam daraja. Madalla."

Haka na dinga jan su kamar na taka kashin kaji.

Cikin kuwa wari ne na maganin gara da tsohon fenti da iskar da aka daɗe da kullewa. Ga dogon tebur an jera faranti da cokula da kofuna, ba ko ƙwayar shinkafa. Ga murhu a jikin bango, ba toka. Ga gado an gyara shi tsaf, an gitta igiya. A kusurwa an rataya wa wani gunki marar kai rigar wani mamaci, mutane suna ɗaukarsa hoto. Na kawar da fuska na tofa addu'a.

Gaskiya gaskiya ce, aikin ya yi. Na ƙwanƙwasa ginshiƙi da bayan yatsa yadda Malam yake yi, na ji sautinsa cikakke, kuma duk dubana ban ga kan ƙusa ba. Da yana nan da ya wuni yana shafa shi.

Da muka hau saman bene na gaji. Na ga kujera mai kyau a gefen taga, na ce bismillah na zauna. Sai ga matar nan da sauri, tana ta sunkuyawa tana gicciye hannuwa a ƙirji.

"Mama, tashi! Ba a zama!"

"Kujera ce fa."

"Ta kallo ce."

Malam ba ya barin mai saye ya ɗauki kujera sai ya zaunar da shi, ya ce ya jingina, ya girgiza. Yakan ce kujerar da ba a zauna ba ba a gama ta ba. Na tashi ina jin kunya da takaici, na ce wa ɗana, "Wannan ba gida ba ne. Gawa ce aka yi wa wanka aka shafa wa turare, aka ƙi binnewa."

Muka sauko. Sai da nake mayar da takalmina ya ce a hankali, "To shagon Baba fa, Mama? Su dai ko ba komai suna share nasu."

A jirgin ƙasa muna komawa gidansa na rufe fuska da mayafi na yi ta kuka, mutanen ƙasar suna kallon ƙasa don kada su kunyata ni.

Kwana biyu da dawowata Jikwoyi na kwance mabuɗin. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na ɗiga masa man gyaɗa. Da ƙofar ta buɗe, warin nan ne ya tare ni, shi ɗin dai, sai ƙarin kashin ɓera. Zarton Malam ya yi ja. Hularsa na nan a ƙusa, gara ta cinye rabinta. A kan teburin aiki ga wata kujera mai ƙafa uku da bai ƙarasa ba. Ashe ni ma gidan kallo na ajiye, kuma ko mai kallo babu. Na zauna a ƙasa na kira sunansa da ban taɓa faɗa ba yana raye.

Akwai wani dattijo Bakatsine, abokin aikinsa, da ke fama a gindin mangwaro, duk damina ruwa na jiƙa masa katako. Na aika aka kira shi, na miƙa masa mabuɗin.

"Hajiya, me zan bayar?"

"Ka ƙarasa kujerar can ka kawo mini. Kuma duk wanda ya yi sallama a ƙofar nan, ka amsa."

Na sa aka buga wa ɗana waya na ce ba za a rushe ba, ba kuma za a kulle ba. Ya ce ni na fi ƙarfinsa.

Yanzu da safe ƙarar zarto ke tashe ni. Wani lokaci kafin in gama farkawa nakan ɗauka shi ne, in yunƙura zan ɗora masa koko, sannan in tuna. A kan kujerar nake zaune yanzu. Ajiye biron, 'yar nan.