Ƙanƙara Don Bebayen Malama

Ba zan rantse cewa komai ya faru daidai yadda zan faɗa ba. An kwana biyu, kuma a lokacin ga azumi ga fargaba, don haka mai yiwuwa na ɗauki abin wata rana na liƙa wa wata. Zafin bazarar shekarar dai ban manta ba, haka ma nauyin ƙanƙara a cinya.

Ina digiri na biyu ne a Samaru, a wani ɗan ɗakin bincike da ke ƙarshen baranda. Mu biyu ne a hannun Malama, ni da wata abokiyar karatuna 'yar kudancin Kaduna, wadda ta raɗa mini suna Malam Wataƙila don ba na iya amsa tambaya kai tsaye. Aikinmu a kan wani furotin ne mai kai saƙo a cikin garkuwar jiki. Idan cuta ta shigo, shi ne, a iya fahimtarmu, yake sanar da sauran ƙwayoyin jiki su tashi tsaye. Don a gane ainihin aikinsa, sai a sami ƙwayoyin halitta iri ɗaya kashi biyu: wasu yadda Allah ya yi su, wasu kuma an cire musu abin da ke sa su ƙera furotin ɗin. A zuba wa kowane kashi ɗan ɓurɓushin ƙwayar cuta, a ga bambanci. Waɗanda aka cire wa muke kira bebaye, tunda ba sa iya kai saƙo.

Mu ba mu da kayan yin wannan cirewa. Malama ce ta yi ta bin wasu abokan aikinta na ƙasar waje har suka aiko mana da bebayen a daskare, cikin 'yar kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Muka narkar da ita. Babu ta biyu. Sai sun hayayyafa sosai za mu iya daskarar da wasu mu ajiye, kuma kafin nan in suka mutu, aikina ya bi su, don ba wanda ya san yaushe za a sake samun wasu.

Bebayen kuwa ba su da hanzari ko kaɗan. Suna kwance a gindin kwalabe masu faɗi, cikin wani ruwa ja-ja wanda shi ne abincinsu, a cikin akwatin reno mai kama da firji, sai dai shi ɗumi yake bayarwa, daidai ɗumin jikin mutum. Ba su san Juma'a ba, ba su san Lahadi ba. Muka raba: ita ta ba su abinci ina masallaci, ni in ba su tana coci. Nakan leƙa su a madubin ƙara girman abu fiye da yadda ya kamata, har Malama ta ce in bar su su huta, ba a kallon tukunya ta tafasa.

Tun lokacin sanyi Malama ta koya mana wata dabara da ta taho da ita daga inda ta yi karatu: da an ɗauke wuta, kafin a tada janareto, a lulluɓe akwatin da bargo kada ɗuminsa ya fita. Muka riƙe wannan kamar karatun sallah. Bazara ta shigo, azumi ya kama, na'urar sanyaya ɗakin ta mutu, aka ce sai an kawo kayan gyara daga Kaduna. Mu dai muna nan muna lulluɓa bargo.

Wata rana da azahar Malama ta shigo ta same mu muna gumi kashirɓan, akwati kuma cikin bargo kamar mai jego. Ta duba ma'aunin zafi, ta dube mu, sai ta zauna a kujera tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce ita ma jiya da hannunta ta lulluɓa shi. Ɗakin ya fi jikin mutum zafi, akwatin kuma ɗumamawa kawai ya iya, ba a ƙera shi don Zariya a watan bazara ba. Ni ban yi dariya ba, don na riga na ga wasu bebayen sun dunƙule sun taso saman ruwa, alamar ba su jin daɗi.

Abokiyar karatuna ce, ina jin, ta kawo maganar ƙanƙara. Tana da gwaggo a Sabon Gari mai firji-firji, wadda ke sayar da ita a manyan dunƙule. Muka tsara a riƙa jera su a baho kusa da akwatin, fanka na hura iska a kai. Ni aka ɗora wa ɗaukowa, tunda ita ta fi ni hannu wajen canja wa ƙwayoyin ruwa.

Haka na shiga zirga-zirgar Sabon Gari. In naɗe ƙanƙara a buhu, in rungume ta a cikin bas, tana ɗiga a wandona har Samaru, ni kuma maƙogwaro a bushe. A Kwangila wani fasinja ya taɓa tambayata ko gidanmu rijiya muke cika wa. Gwaggon, wadda ni ma nake ce wa Mama, ta san sarai ko mene ne bebayen, amma kullum ta hango ni sai ta gyara murya ta ce, “Ɗana, ya masu jiki?” In ce da ɗan sauƙi, wataƙila. Ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma raba ni da wataƙila.

Sai ranar da aka daɗe ba wuta a unguwarsu. Na iso bayan la'asar na tarar da layi har bakin titi, kowa da kularsa, kowa na tunanin shan ruwa, ƙanƙarar kuma saura kaɗan. Mama ta ware mini manya ta tura ƙarƙashin tebur. Mutane suka fara gunaguni, sai ta ɗaga murya ta ce na marasa lafiya ne, a yi haƙuri. Nan take wani ya matsa ya ba ni hanya yana yi mini sannu.

Na ɗauki buhun, sai na tsaya. Ina azumi, su ma suna azumi, kuma na san abin da suka ɗauka ba shi ne ba. Na ajiye buhun na ce a gafarce ni, ba mutane ba ne, wasu ƙwayoyin halitta ne a kwalba da muke bincike da su, wanda ƙila wata rana ya taimaka wajen gane wasu cututtuka, ƙila kuma bai taimaka ba, ba zan iya yin alkawari ba. Mama ta dafe kai. Na ce a raina shi ke nan, na rasa ƙanƙarar, bebayena sun tafi.

Wani dattijo mai shagon yadi, da ke gaba a layin, ya juyo ya ƙare mini kallo.

“Yaro, abin nan yana da rai?”

“Baba, ana iya cewa yana da shi.”

“Zafi na kashe shi?”

Na ce wannan kam yana kashewa, ba ko wataƙila.

“Suna azumi?”

Na ce a'a, ɗazu ma aka ba su abinci.

“Kun ji,” in ji shi, yana duban layin. “Ba sa azumi, kuma su za su sha ƙanƙarar.”

Layin ya kwashe da dariya. Wata mata ta ce ita dai ba ta yafe ba sai an sa wa ɗaya sunanta. Wani ya ce ai ni ne marar lafiyar, a ba ni in tafi. Dattijon ya ce shi da ruwan randa ya girma, yau ma zai iya, ya ɗauki kularsa ya fita daga layin. Ba kowa ne ya ji daɗi ba, don na ji tsaki a baya, kuma ban ga laifin mai shi ba. Mama ta rage dunƙule ɗaya ta mayar wa layin, ta cusa mini sauran, ta ce in ɓace kafin in sake yin wa'azi.

Kafin sallah bebayen suka cika kwalabensu, suka isa rabawa. Muka daskarar da kaso mai kyau, muka kai cibiyar binciken dabbobi ta Shika, inda aka ara mana gurbi a tankin daskarewa da ake ajiye irin bijimai. Daga baya muka narkar da kwalba ɗaya don gwaji. Abokiyar karatuna ta leƙa madubi ta ja mini rai da gangan, sannan ta matsa ta ce in zo in gaida jama'ata. Sun kama gindin kwalba sun miƙe, lafiya lau.

Ko ƙanƙarar ce ta cece su, ba zan iya tabbatarwa ba, tunda ba mu da akwati na biyu da muka bari cikin zafi don kwatantawa. Malama na ganin cire bargon kaɗai ma ya isa. Duk wanda ya kasance a ɗakin nan, ko a layin Mama ran nan, ya ga na karkace a wani wuri, don Allah ya aiko mini in gyara, musamman mai tsakin, don har yanzu ban ji ta bakinsa ba.