Miyar Ƙaguwa da Soyayyar Fara

Na daɗe ina koya wa 'yan sakandare a Minna cewa tudu ya fi teku yawan ire-iren dabbobi, don ƙwari kaɗai sun ishe shi, teku kuma ya fi tudu bambancin sura: mai ƙaya, mai ɓawo, marar ƙashi, har da marar fuska. Da ƙarfin hali nake faɗa, alhali ban taɓa ganin ruwan da ya fi dam ɗin Shiroro ba.

Sai ƙanena ya auro wata yarinya daga bakin teku, can kudu. Da za ta yi girkin farko, wanda ake kai wa uwar miji, ta tambaye ni me za ta dafa. Na ce ta yi abin da ake yi wa babban baƙo a garinsu. Ashe har saƙo ta sa uwarta ta yo mata a mota, cikin ƙanƙara.

Ni na ɗauko kular daga Tunga zuwa gidanmu a Tudun Wada. Inna ta buɗe, sai ga ƙaguwa da ƙafafu a waje, ga jatan lande da gashin bakinsu, ga wasu ƙananan dodon koɗi da ake tsotsa. Ta ja da baya.

"Ke, wannan ai ƙwari ne aka tsamo a kwata!"

Na ce halal ne, na kwaso karatun aji na zuba mata, a banza. Inna tana raba gara da zago, cinnaka da kiyashi, ta san farar ci da ta bari. Amma ruwa a wurinta kifi ne kawai, sai kada.

Ko romon ba ta taɓa ba. Tunda kwano ba ya komawa ba tukwici, ta cika leda da soyayyar fara mai yaji, abin da ta fi so a duniya, ta ce in kai wa amarya. A cikin keke na yi tunanin juye miyar a hanya in ce an cinye. Kafin in yanke shawara mun iso, ga amarya a ƙofa tana jira.

Tana karɓa, nauyin kular ya gaya mata komai.

"Anti, Mama bai ci ba?"

Na ce cikinta ne ba daɗi. Ta buɗe ledar ta ga fara. Ta ɗauki ɗaya ta tauna, idonta ya kawo ruwa, ta haɗiye, ta ƙara wata.

"Ki ce ma Mama na gode, ya yi daɗi."

Wallahi kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige, kunyar gidanmu gaba ɗaya. Na ce ta miƙo min cokali. Ta ce ba da cokali ake ci ba. Ta wanke hannu, ta durƙusa, ta ɓare min ƙaguwar a hankali, yadda ta so ta ɓare wa Inna.